Tsohuwar Kalkuleta Ta Lalace: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Tambaya: Na gaji kalkuleta biyu daga shagon mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Ɗaya babba ce ta kan tebur, ƙirar Japan ta shekarun 1970, mai korayen lambobi goma sha biyu. Idan na jona ta, lambobin suna fitowa dishi-dishi, gurbi ɗaya ba ya kamawa sam, wani lokaci kuma takan cika fuskarta da lambobin da ban danna ba. Ɗayar ƙarama ce mai jajayen lambobi, batirinta ya zubo a ciki, ba ta kamawa ko kaɗan. Mai gyara ya ce ai-si ɗinsu ne ya mutu. Akwai sauran abin yi?

Amsa: Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Malam, hukuncin da mai gyaran ya yanke shi ne wanda ya kamata a yanke a ƙarshe, bayan an gama gwada komai, kuma a ganina ya yi gaggawa. Abubuwan da shekaru hamsin suke cinyewa a cikin irin waɗannan na'urori su ne masu ruwa a cikinsu, da roba, da soso, da bakin ƙarafan da suke taɓa juna. Ƙwaƙwalwar silikon da ke rufe cikin baƙar roba ko yumɓu, wadda ita ce ake kira ai-si, ba ta tsufa ta wannan hanya, sai dai a kashe ta da wutar da ta fi ƙarfinta. Babbar kalkuletarka ma ta riga ta ba da shaida a kan kanta, domin na'urar da take iya zana lambobi a gurabe goma sha ɗaya, ko da dishi-dishi ne, ƙwaƙwalwarta tana aiki. Abin da nake so ka fara yi shi ne ka daina jona ta har sai an duba sashen wutarta.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne cewa ai-si ɗin ne kaɗai abin da ba za ka samu a kasuwa ba. Kamfanoni irin su Rockwell da Texas Instruments da Mostek da NEC da Hitachi sun ƙera su ne musamman domin kalkuleta, kuma an daina yin su tun shekaru da dama, alhali kafasita da dayod da taransista da fis duk akwai madadinsu a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin. Yawancin waɗannan ai-si na farkon shekarun 1970 an yi su ne da fasahar PMOS, wadda take aiki da wutar negatif, wato gefen fositif ne yake zama ƙasa (layin da ake auna sauran wuta daga kansa) a kan fanel ɗin, allon da aka dasa kayan na'urar a kai, kuma sau da yawa tana buƙatar matakan wuta biyu ko uku, waɗanda wasunsu suka wuce bolt goma sha biyar. Mai gyaran da ya saba da wayar salula, inda negatif ne ƙasa kuma wutar ba ta kai bolt biyar ba, yana iya ɗora mitarsa ya ga lambobin da ba su yi masa daidai ba, ya ɗauka lalacewa ce. Haka kuma ai-si na PMOS ba ya jure tartsatsin da ke taruwa a jikin mutum, wanda yake yawaita a lokacin hunturu saboda bushewar iska. Kafin ka taɓa fanel ɗin ka taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa, kada ka yi aikin a kan leda ko kafet, kuma kada ka riƙa shafa ƙafafun ai-si da yatsa.

Mu fara da babbar. Ka juya bayanta ko ƙarƙashinta ka karanta farantin da aka rubuta ƙarfin wutar da take sha. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, a Amurka 120, mu kuwa a Nijeriya da Nijar tsakanin 220 ne da 240. Wadda aka kawo wa 'yan kasuwarmu tun asali za ka tarar da 220 ko 240 a jikinta, ko kuma wani ɗan makunni na zaɓen wuta, wanda ya kamata ka tabbatar yana inda ya dace, domin yara kan juya shi. Bayan haka ka cire ta daga soket, ka buɗe, ka ɗauki hoton kowane ɓangare kafin ka zare ko waya ɗaya. Ka duba da ido kuma ka shinshina: taransifomar da ta taɓa ƙonewa tana da wari irin na ƙonannen fenti, resistan da ya sha zafi yana yin baƙi, kafasitan da ya gaji yakan kumbura ko ya bar busasshen ruwa a gindinsa. Ka kuma duba gidan kyankyaso da fitsarin ɓera, waɗanda suke cin layukan tagulla kamar yadda ruwan batir yake ci.

Idan lokacin sake ba ta wuta ya yi, kada ka jona ta kai tsaye. Ka sa ƙwan lantarki irin na da, mai siririyar waya a ciki, na wat 25 ko 40, a jere da ita a kan waya ɗaya, ta yadda duk wutar da za ta shiga kalkuletar sai ta ratsa ƙwan. Idan lafiya take, ƙwan zai ɗan haska a farko sannan ya dushe, in kuwa akwai inda wayoyi suka haɗu a ciki, zai haska sosai ya tsaya a haka, kuma shi zai shanye wutar maimakon taransifomar. Ƙwan zamani na LED ba ya yin wannan aiki. Ka tuna cewa ɓangaren da wayar soket ta shiga yana iya kisa, saboda haka idan ba ka saba ba, wannan mataki na mai gyara ne, kai kuma ka tsaya a kansa.

Biyu daga cikin alamomi ukun da ka ambata, wato dushewar lambobi da fitowar lambobin banza, sun fi nuna kafasitocin sashen wuta. Aikin babban kafasita shi ne ya daidaita wutar da dayod suka miƙe, ya cike ramukan da ke tsakanin bugu da bugu. Ruwan da ke cikinsa yana bushewa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta bushewar, to da zarar ya bushe sai wutar ta riƙa hawa da sauka sau 50 ko 100 a daƙiƙa, gwargwadon yadda aka jera dayod ɗin. Fuska takan dushe ko ta riƙa rawa, ƙwaƙwalwa kuma takan rikice a duk lokacin da wutar ta faɗi ƙasa da abin da take buƙata. Gwajin mai sauƙi ne: ka auna ƙafafun kafasitan da mita a ma'aunin DC ka rubuta, sannan ka mayar da ita ma'aunin AC ka sake aunawa. A lafiyayyen layi abin da za ka gani a AC kaɗan ne ƙwarai, idan kuwa ya kai bolt ɗaya ko biyu, kafasitan ya gama aiki. Ka canza shi da mai girma iri ɗaya ko sama kaɗan, mai jure wuta daidai ko fiye, kuma ka bi alamar fositif da negatif yadda tsohon yake zaune, ba yadda ka saba gani ba, tunda a nan fositif ne yake iya zama ƙasa. Ni dai ba na goyon bayan a tsige duk kafasitocin fanel a zama ɗaya, domin layukan tagulla na waɗannan tsofaffin fanel suna ɓallewa idan ƙarfen soda ya daɗe a kansu, kuma idan ka canza abu goma lokaci guda na'urar ta ƙi tashi, ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Ka canza ɗaya, ka gwada, sannan ka ci gaba.

Akwai kuma wani ƙaramin kafasita da yake haɗe da resista, wanda aikinsa shi ne ya share ƙwaƙwalwar a daidai lokacin da aka kunna. Idan lambobin banzan suna fitowa ne a kunnawa kawai, kuma danna maɓallin C yana kore su har na'urar ta ci gaba da lissafi daidai, to shi ne abin zargi. Wasu na'urorin farko ma haka aka ƙera su, sai an danna C bayan kowace kunnawa.

Korayen lambobin nan fitilu ne na gilashi da aka zuƙe wa iska, waɗanda ake kira VFD, kuma kamfanin Ise na Japan ne ya fito da su a 1967. Suna buƙatar wuta iri biyu. Ta farko 'yar kaɗan ce, bolt ɗaya zuwa 'yan ƙalilan, wadda take ɗumama wasu siraran wayoyi da suka ratsa gaban lambobin, kuma idan ka kashe fitilar ɗaki ka duba da kyau kana iya hango su sun yi ja kaɗan. Ta biyu ta kai wajen bolt 20 zuwa 30, ita ce take jawo lantarki daga waɗannan wayoyi, ya ratsa wata raga, ya bugi sinadarin da yake haskawa. Idan ɗaya daga cikin biyun ta ragu, fuskar duka za ta dushe. Ka kuma nemi wani tabo mai sheƙi kamar madubi, ko baƙi-baƙi, a kusurwar gilashin. Muddin yana sheƙi, gilashin bai sha iska ba, idan kuwa ya koma fari kamar alli, ya tsage, kuma wannan fitila ba ta gyaruwa. Da lambobin masu launin ruwan lemo ne, irin fitilun Nixie ko Panaplex da ke cikin wasu tsofaffin na'urori, da sai in ƙara maka kashedi, domin waɗannan suna aiki da wajen bolt 170 zuwa 200, kuma kafasitansu yana riƙe wutar bayan an kashe.

Yanzu sai gurbin da ba ya kamawa, kuma a nan ne sanin yadda aka jera wayoyin fuskar yake rage wa mutum wahala. Kowace lamba tana da sanduna bakwai da ɗigo, wasu ƙirar ma takwas. Da za a ja wa kowace sanda wayarta, gurabe goma sha biyu za su ci waya kusan ɗari, ai-si kuwa ba shi da ƙafafu masu yawan haka. Sai masu ƙira suka jera su kamar gidajen dara, layi a tsaye da layi a kwance: sandar sama ta dukkan gurabe tana kan waya ɗaya, ta tsakiya tana kan wata, haka har bakwai, sannan kowane gurbi yana da wayarsa guda da take kunna shi. Ƙwaƙwalwar tana kunna gurabe ɗaya bayan ɗaya da saurin da ido ba ya kamawa, shi ya sa ake ganin kamar duk a kunne suke. Daga nan karatun alamar ya zama mai sauƙi. Ka cika fuskar da lambar 8. Idan sanda ɗaya ce ta ɓace a dukkan gurabe, matsalar tana kan wayar wannan sanda ko taransistan da yake tura ta. Idan gurbi guda ne ya mutu gaba ɗaya sauran suna lafiya, kamar naka, matsalar tana kan wayar wannan gurbi. Idan kuwa sanda ɗaya ce a gurbi ɗaya kawai, to a cikin fitilar kanta ne ko a ƙafarta. Idan gurbi ɗaya ya fi sauran haske da yawa, ko sanda ɗaya ta ƙi mutuwa, taransistan ya toshe a kunne ne.

Saboda haka ka bi wayar mataccen gurbin daga ƙafar ragarsa har zuwa ai-si, na'urar tana kashe, mita tana ma'aunin da take ƙara idan waya ta haɗu. A hanya za ka gamu da dalmar da ta tsage, wadda takan nuna siririn zobe a kewayen ƙafa idan ka duba da gilashin ƙara girma, ko bakin fanel da ya yi datti a inda yake shiga soket ɗinsa, ko taransista guda daga cikin jerin masu kama da juna. Wannan jeri alheri ne a gare ka, domin kana da lafiyayyu goma sha ɗaya da za ka gwada da su: duk abin da mita ta nuna a maƙwabcinsa, shi ya kamata ta nuna a kansa. Idan na'urar mai fitila ɗai-ɗai ce ga kowane gurbi, ka auna siririyar wayar ɗumamawa ta wannan fitilar, domin tana iya tsinkewa ita kaɗai. Bakin fanel kuwa ana goge shi ne da sifirit mai tsabta da farar takarda ko auduga, ba da sanfefa ba, domin rufin zinare ko kuza da ke kansa siriri ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cewa a yawancin ƙirar, waɗannan wayoyin gurabe su ne kuma suke zagaya maɓallai domin gano wanda aka danna. Wannan yana nufin tsinkewar waya ɗaya tana iya kashe gurbi ɗaya tare da maɓalli biyu ko uku, don haka ka gwada kowane maɓalli ka rubuta waɗanda suka ƙi. Yana kuma nufin maɓalli guda da ya maƙale a danne, ko datti mai laima da ya haɗa layi biyu, yana iya sa na'urar ta ƙi karɓar komai ko ta riƙa shigar da lambobi da kanta, wanda shi ne bayani na biyu ga lambobin banzanka idan canza kafasita bai kore su ba. Manyan na'urorin Japan na farkon shekarun 1970 da yawa suna amfani da ɗan maganaɗisu a gindin kowane maɓalli, wanda yake rufe wasu ƙarafa biyu da ke cikin siririn gilashi. Irin waɗannan ba sa yin datti, sai dai maganaɗisun ya faɗo daga mazauninsa ko gilashin ya fashe. Maɓallan da suka zo daga baya masu faifan ƙarfe ko roba mai baƙin gindi su ne suke bukatar wanki da sifirit, kuma su ne suke rubuta lamba biyu a danni ɗaya idan sun tsufa. Kada ka fesa musu man kwance tsatsa, domin yana kama ƙura kuma yana cin wasu robobin.

Ƙaramar kuma labarinta daban ne, amma ta fi sauƙin ganewa. Jajayen lambobi LED ne, suna aiki da ƙaramar wuta, kuma ba kasafai suke mutuwa gaba ɗaya ba. Abin da ya kashe ta, a mafi rinjayen zato, shi ne ruwan batirin. Batir mai caji na nikel da kadmiyam, wanda aka fi sa wa irin waɗannan, da kuma batirin alkalin, dukansu suna zubar da sinadarin fotasiyam haidiroksaid, wanda yake barin farin gari, ya kuma mayar da tagulla shuɗiya ko koriya. Ka cire batirin ka jefar da shi inda yara ba za su kai ba, domin kadmiyam guba ne. Ka sa safar hannu, ka goge wurin da auduga da aka tsoma a ruwan khal, wanda tsaminsa yake kashe kaifin sinadarin, sannan ka bi da ruwa mai tsabta kaɗan, ka bi da sifirit, ka bar shi ya bushe sarai a inuwa. Idan tsohon batir ne na zinki da gawayi, irin mai araha, ruwansa mai tsami ne, don haka bekin soda da aka jiƙa ake sa masa a maimakon khal. Sinadarin yana bin cikin waya a ƙarƙashin robarta, musamman wayar negatif, har ta yi baƙi ta daina kama dalma, saboda haka duk wayar da ta taɓa batirin ka canza ta gaba ɗaya ko da ta yi kyau a ido. Bayan haka ka auna kowane layin tagulla da ruwan ya taɓa, wanda ya tsinke ka haɗa shi da siririyar waya.

Wurare biyu ne kuma suke yawan ɓoye matsala a ƙananan na'urori. Ɗaya shi ne makunnin da ake turawa gefe, wanda maiƙonsa yake daskarewa. Ɗayan shi ne ramin da ake soka caja, domin a cikinsa akwai wani ɗan harshen ƙarfe da yake yanke batir idan an soka caja, ya mayar idan an zare, kuma idan ya yi tsatsa wutar batir ba za ta taɓa isa fanel ba, ko da sabo ne fil.

Kashedi mafi girma a kan wannan ƙaramar shi ne kada ka gwada ta da caja alhali babu lafiyayyen batir a ciki. A wasu ƙirar batirin ne yake danne wutar cajar ya hana ta hawa, kuma idan babu shi, ko bakinsa ya yi tsatsa, wutar takan tafi kai tsaye ta ƙona ai-si. An san HP-21 da HP-25 na kamfanin Hewlett-Packard, waɗanda suka fito a 1975, da mutuwa ta wannan hanya. Haka kuma kada ka ɗauko kowace adafta don kawai bakinta ya shiga, domin na'urorin Japan da yawa negatif ne a tsakiyar bakinsu, saɓanin yawancin adaftocin yau, wasu cajojin ma AC suke fitarwa. Hanya mafi aminci ita ce ka ƙirga ƙwayoyin batirin asali, kowace ƙwaya mai caji bolt 1.2 ce, ka ba ta daidai wannan adadi da sababbin batura masu caji na NiMH waɗanda ka caza a waje, tare da mita a jere domin ka ga abin da take ja. Na'urar LED takan ja miliamfa gommai, wani lokaci sama da ɗari idan fuskar ta cika. Idan ba ta ja komai ba, hanya a tsinke take, idan kuwa ta ja da yawa kuma wani abu ya fara zafi, ka cire nan take.

Idan wuta tana shiga amma fuska ba ta nuna komai ba, ƙaramar rediyo za ta taimake ka. Ka sa ta a matsakaicin zango, inda babu tasha, ka kusanto da ita jikin kalkuletar. Na'urar da ƙwaƙwalwarta take bugawa tana sa rediyo ta yi ƙugi ko fito, kuma sautin yakan canza idan ka danna maɓalli, musamman a lissafi mai tsawo kamar rabawa. Idan ka ji wannan canji, ƙwaƙwalwar tana da rai, matsalar tana tsakaninta da fuska. Idan shiru ne, ka koma kan ɗan sashen da yake ɗaga wutar batir zuwa matakin da ai-si yake so, wanda yawanci taransista ɗaya ko biyu ne da 'yar ƙaramar taransifoma da dayod da kafasita.

Kafin ka yanke wa kowace na'ura hukunci, ka san cewa wasu halayen da suke kama da lalacewa haka aka ƙera su. Sharp QT-8D ta 1969 da EL-8 da ta biyo ta suna rubuta sifili rabin tsayin sauran lambobi. Casio Mini ta 1972 gurabe shida kawai take nunawa, sauran amsar sai an danna wani maɓalli. TI-30 ta 1976 takan ɗauke lambobin ta bar ɗigo yana yawo a fuska idan an daɗe ba a taɓa ta ba, domin tattalin batir. HP-35 ta farko, ta 1972, ta fito da kuskure a cikin shirinta, inda logaritim na 2.02 idan aka mayar da shi yake ba da 2, kuma masu tara irin waɗannan na'urori sun fi daraja mai kuskuren a kan wadda aka gyara.

Bayan gyara, ka shigar da 12345679 ka ninka da 8, amsar ita ce 98765432, wadda take gwada kusan dukkan maɓallan lambobi da ninkawa a lokaci guda. Ka raba 1 da 3, ka gwada ma'ajiya idan akwai, sannan ka bar na'urar a kunne na rabin awa ka sake gwadawa, domin tsagaggiyar dalma takan buɗe ne idan fanel ya ɗumama. Za a iya cewa ai-si ya mutu ne kawai idan duk matakan wuta sun isa ƙafafunsa daidai kuma a daidaice, bugun agogonsa, wato bugun wutar da yake tafiyar da aikinsa, yana nan, layin sharewa ya sake shi, babu maɓallin da ya maƙale, amma duk da haka wayoyin gurabe ba sa motsi, ko kuma amsoshin suna fitowa ba daidai ba ta hanya ɗaya kullum. A wannan hali sai a nemi wata kalkuleta mai ai-si mai lamba iri ɗaya a ciro nata, kuma tunda kamfanoni daban-daban sun sayi ai-si ɗaya sun sa a na'urorinsu, lambar da ke rubuce a bayan ai-si ɗin za ka bi wajen nema, ba sunan da ke jikin akwatin ba.